An ƙara yawan LEU4 a cikin yis amma lusin bai ƙaru ba, ina matsalar take?

Ɗaliba_a_lab

Assalamu alaikum malamai. Ina neman haske a kan yis, wato Saccharomyces cerevisiae. Manufar aikin ita ce a sa shi ya tara amino asid ɗin lusin fiye da yadda ya saba. An ɗora LEU4, ƙwayar gadon ɗaya daga cikin enzayim ɗin da ke yin lusin, a kan filasmid (ƙaramin zoben DNA) mai kwafi da yawa, irin na 2µ, ƙarƙashin furomotar TDH3, wato sashen DNA da ke kunna ƙwayar gado da ƙarfi. An karanta jerin DNA ɗin, daidai yake, kuma yis yana girma lafiya lau. Sai dai da aka auna, lusin bai bambanta da na yis mai ɗauke da filasmid fanko ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne wani wari mai kaifi da ke tashi idan an buɗe kwalbar.

Wane enzayim ne yake yanke yawan lusin da ƙwayar yis za ta yi? Ko kuwa GCN4 ya kamata a ƙara, tunda an ce shi yake kunna ƙwayoyin gadon amino asid gaba ɗaya?

Malam_Enzayim

Wa alaikumus salam, Malama. Enzayim ɗin da kika zaɓa shi ne daidai, amma yawansa kika ƙara, birkinsa yana nan yadda yake.

Bari mu bi hanyar daga tushe. A cikin mitokondiriya, Ilv2 yana haɗa fairubet biyu, Ilv5 da Ilv3 su ƙarasa, a samu KIV. Nan hanya ta rabu. Idan aka ɗora wa KIV naitirojin ya zama balin. Idan kuma Leu4, enzayim ɗin da LEU4 ke samarwa, ya kama shi ya haɗa da asetil-CoA, sai ya zama α-IPM, kuma daga nan babu komawa, lusin aka nufa. Oac1 ne ke fitar da α-IPM zuwa saitosol, Leu1 ya juya shi zuwa β-IPM, Leu2 ya mayar da shi KIC, sannan Bat1 ko Bat2 su karɓo naitirojin daga gulutamet su ɗora, lusin ya fito. Akwai ɗan'uwan Leu4 mai suna Leu9 da ke yin aiki iri ɗaya, amma wajen kashi 80 cikin 100 na aikin Leu4 ne ke yi.

Leu4 yana da amino asid 619. Gaban furotin ɗin ne ke yin aikin haɗawa, can wajen ƙarshensa kuma akwai wani gurbi da lusin ke zama. Da zarar lusin ya yi yawa ya cika gurbin nan, enzayim ɗin ya ja baya nan take, ba sai an jira an daina kwafar ƙwayar gado ba. Kowane kwafin Leu4 da filasmid ɗinki ya samar yana zuwa da wannan gurbi nasa.

Akwai kuma mataki na biyu, na sarrafa ƙwayoyin gado. Wani furotin mai suna Leu3 yana zaune a kan furomotocin LEU1, LEU2, LEU4, ILV2, ILV5 da GDH1. Idan α-IPM ya kama shi, ya kunna su. Idan babu α-IPM, shi da kansa yake danne su. Saboda haka idan lusin ya taka wa Leu4 birki, α-IPM zai ragu, LEU1 da LEU2 su yi ƙasa. Kin fitar da LEU4 daga hannun Leu3 da kika sa masa TDH3, amma sauran suna hannunsa.

Maganin da aka sani shi ne a lalata gurbin lusin ɗin ba tare da an taɓa sashen aiki ba. Sauyi biyu da aka fi amfani da su: D578Y, wato a musanya asfatet na 578 da tirosin, wanda aka gano a yis ɗin sake, giyar shinkafa ta Japan, sai kuma cire serin na 547. Haka lamarin yake a sauran hanyoyin. Aro4 tirosin ne ke tsayar da shi, sauyin K229L ke sakin sa. Aro3 fenilalanin, His1 histidin, Hom3 tireyonin, Lys20 da Lys21 laisin, Pro1 firolin. Kusan kullum enzayim na farko bayan rabuwar hanya ne.

Kafin a ci gaba, wane nau'in yis ne? Me ke cikin ruwan rainon? A ina kuma aka auna lusin, cikin ƙwayoyin ko cikin ruwan? Idan BY4741 ko W303 ne, LEU2 ɗinsu a lalace yake, ba sa iya ƙarasa hanyar kwata-kwata, kuma lusin ɗin da ake zuba musu a abinci shi ne zai danne Leu4.

Ɗaliba_a_lab

Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. CEN.PK113-5D ne, alamar filasmid URA3. Ruwan raino YNB marar amino asid giram 6.7 a lita, da gulukos giram 20, a digiri 30. An auna ne a ruwan da ya rage bayan an tace ƙwayoyin, bayan girma ya tsaya. LEU4 ɗin yana da tambarin HA, wani ɗan guntun furotin, a farkonsa don a iya ganin sa.

Mai_Awo

Malam_Enzayim, bayaninka na birki gaskiya ne, amma ina ganin bai isa ya ɗauki laifin shi kaɗai ba. A yi lissafi mai sauƙi. Idan aikin enzayim shi ne ƙarfinsa gaba ɗaya a raba da (1 + lusin/Ki), inda Ki shi ne yawan lusin da ke rage ƙarfin zuwa rabi, to wanda ya ninka enzayim sau 10 sai lusin na cikin ƙwaya ya hau kusan ninki 10 kafin gudun hanyar ya koma inda yake. Ko da birkin ya fi haka kaifi, dole a ga motsi. Idan ba a ga komai ba, ko dai an duba inda ba nan ba ne, ko kayan suna zurarewa ta wani waje. Amsar da 'yar'uwarmu ta bayar ta nuna duka biyun.

Na farko, yis ba mai fitar da lusin waje ba ne. Corynebacterium glutamicum da masana'antu ke amfani da ita tana da mafitar BrnFE da ke tura lusin, balin da aisolusin waje. Yis kuwa akasin haka yake yi: Ssy1 da ke jikin fatarsa yana jin lusin a waje, ya sa Stp1 da Stp2 su kunna mashigai irin su Bap2, Bap3 da Agp1, a sake janyo shi ciki. Ɗan abin da ya fita ma, kafin girma ya tsaya an shanye shi. A ciki za a auna, kuma lokacin da yis ke tsakiyar girma, OD600 (awon duhun ruwan raino da ke nuna yawan ƙwayoyi) tsakanin 0.8 da 1.5.

Yadda za a yi: a ɗebi adadin ƙwayoyi iri ɗaya daga kowace kwalba, misali abin da ya kai OD 10, a tace ko a juya a santirifuj da sauri, a wanke sau biyu da ruwa mai sanyi, a zuba ruwa rabin mililita a sa a tafasasshen ruwa minti 10 zuwa 15, a sake juyawa a ɗebi ruwan. A zuba nobalin, wani amino asid na ma'auni, sanannen adadi tun kafin tafasawa, don a san abin da ya ɓace a hanya. Lissafi a kan busasshen nauyi za a yi shi, domin yis mai sauyi yakan canza girman ƙwaya, OD ya yaudare ka. Kada a bar ƙwayoyin su zauna a kan benci kafin a tafasa, amino asid na cikin saitosol yana juyawa cikin mintuna kaɗan.

Wajen na'ura kuma, lusin da aisolusin nauyinsu ɗaya ne, 131.17. Injin awon nauyin ƙwayar sinadari ba zai bambanta su ba sai kolom ya raba su tukuna. Da sinadarin alama OPA a na'urar rarrabewa ta HPLC suna fitowa dab da juna, a tabbatar tsaunukan biyu sun rabu har ƙasa. In ba haka ba, lusin zai iya hawa aisolusin ya sauka, jimilla ta nuna kamar babu abin da ya faru.

Na biyu, warin nan da ta ambata shi ne shaidar da ta fi kowace. KIC ba lusin kaɗai yake zama ba. Aro10 yana cire masa kabon ɗaya, enzayim ɗin Adh su ƙarasa, a samu aisoamil alkohol. Ita ce hanyar da Felix Ehrlich ya bayyana tun 1907. Bat1 da Bat2 kuma gaba da baya suke aiki, don haka lusin da ya taru yana iya komawa KIC ya bi can. Idan Atf1 ya ɗora masa asetil sai ya zama aisoamil asitet, mai ƙamshin ayaba. Dalilin da ya sa masu yin giyar sake suka nemi yis marar birkin Leu4 tun shekarun 1980 ke nan, ƙamshin suke so, ba lusin ba. A auna ruwan rainon da GC, na'urar rarrabe sinadarai masu tashi a iska. Abu biyu za a kiyaye: alkohol ɗin yana tsere wa kwalbar da ake girgizawa da murfin auduga duk da cewa sai wajen digiri 131 yake tafasa, sannan ɗan'uwansa da ke fitowa daga aisolusin yana fita tare da shi a kolom da yawa.

Sai maganar tambarin HA. Adireshin da ke kai Leu4 mitokondiriya a farkon furotin yake. Wanda ya manna tambari a nan ya rufe adireshin, furotin zai tsaya a saitosol. Zai yi ɗan aiki a can, domin yis da kansa yana yin gajeren Leu4 na saitosol, amma KIV a mitokondiriya ake yin sa. Mannawa a ƙarshe ma ba lafiya ba ce, nan gurbin lusin yake. A yi gwajin da Leu4 marar tambari.

Dattijon_Yis

Mai_Awo ya taɓo inda ya dace. Ni zan ƙara da yadda ake samun yis marar birki idan ba a son shigar da sauyin da hannu, ko kuma aikin na abinci ne da ba a yarda da yis ɗin da aka yi wa dashen ƙwayar gado ba.

Ana amfani da jabun lusin, TFL, wato lusin da aka sa wa fulorin uku. Yana shiga gurbin Leu4 ya tsayar da shi, ƙwaya ta ɗauka ta ƙoshi alhali yunwa take ji, girma ya tsaya. Wanda gurbinsa ya lalace ne kaɗai zai ci gaba da yin lusin na gaske har ya rinjayi jabun. A fara da gano mafi ƙarancin TFL da ke hana uwar yis ɗin girma, a jera faranti daga 0.1 zuwa 2 mM, domin kowane nau'i da nasa jurewar. A yi zaɓen a ɗan sama da wannan. Ƙwayoyi miliyan 10 a faranti ɗaya sun isa. Idan aka cika su, waɗanda suka mutu suna sakin lusin, maƙwabtansu su samu su tsiro, faranti ya yi hazo. Dole farantin ya zama babu lusin ko kaɗan, ba YPD, ba ruwan yis, ba fefton.

Idan ana son ƙara yawan masu sauyi, a yi amfani da EMS, sinadarin da ke jawo sauyi a DNA, kashi 3 cikin 100 a sodiyam fosfet 0.1 M, pH 7, digiri 30, minti 30 zuwa 60, a kashe shi da sodiyam tayosalfet kashi 5 cikin 100. EMS yana jawo ciwon daji, a cikin akwatin zuƙe iska ake taɓa shi, duk abin da ya taɓa kuma a jiƙa a tayosalfet. Ni dai na fi ganin hikimar barin sauyin ya zo da kansa. EMS yana watsa sauye-sauye da yawa a wuraren da ba a nema ba, sai an yi ta mayar da yis ɗin ga uwarsa ana haɗawa kafin a wanke su.

Babban tarkon shi ne, da yawa daga cikin kolonin da za su tsiro ba birki suka rasa ba, ƙofa suka rufe. Sauyi a mashigi ko a Ssy1 yana hana TFL shiga, yis ya rayu ba tare da ya ƙara ko ɗigon lusin ba. Tantancewa ba ta da wuya. A haɗa kowane koloni da yis na asali mai kishiyar jinsi a samu difuloyid, wato yis mai kwafi biyu na kowace ƙwayar gado. CEN.PK113-5D jinsin a ne, sai a nemo α. Idan difuloyid ya jure TFL, sauyin mai rinjaye ne, kuma haka na LEU4 yake, tunda kwafi ɗaya marar birki ya isa. Idan jurewar ta ɓace, mashigi ne ya lalace, a zubar. Waɗanda suka tsallake sai a karanta kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen LEU4 ɗinsu.

Tushen naitirojin ma yana canza sakamako. A kan amoniyam, mashigin amino asid Gap1 a rufe yake, Rsp5 yana sa a janye shi daga fata. A kan firolin ko yuriya yana buɗe, jabun ya shiga ta ƙofofi da yawa, guba ta fi ƙarfi, kuma rufe ƙofa ɗaya ba zai ceci ƙwaya ba. Wannan yana rage masu yaudara.

Sauran amino asid ma da jabunsu: AEC don laisin, haidiroksinobalin don tireyonin, AZC don firolin. Na firolin yana da nasa tarkon, domin nau'in Σ1278b yana ɗauke da MPR1 da ke kashe dafin AZC tun asali, S288C kuma ba shi da shi. Kanabanin kuwa kada a ɓata lokaci da shi wajen neman mai yawan arjinin, kusan duk abin da zai tsiro CAN1 ne ya lalace.

Malam_Enzayim

Na karɓi gyaran Mai_Awo a kan lissafin. Ranka ya daɗe Dattijo, gwajin difuloyid yana nuna hanya, amma hujjar ƙarshe sai an auna enzayim ɗin da kansa.

A fasa ƙwayoyi da ƙananan duwatsun gilashi na milimita 0.5, a sanyi, a ruwan fotasiyam fosfet ko Tris da aka sa wa KCl, domin enzayim ɗin yana buƙatar fotasiyam. Kada a sa DTT ko makaftoyitanol. Abin da ake aunawa shi ne CoA da ke sakuwa, ta hanyar DTNB da ke yin rawaya a nanomita 412, kuma duk wani tayol da ke cikin ruwan zai ba da launin tun kafin a fara. A wuce da ruwan ƙwayoyin ta ƙaramin kolom na Sephadex G-25, in ba haka ba lusin da ya fito tare da shi zai danne enzayim ɗin a cikin bututu. A haɗa da KIV da asetil-CoA, a bari minti 5 zuwa 10, a tsayar da itanol, sannan a zuba DTNB. Lambar lissafi 14,150 ce ga kowane mola a santimita ɗaya. Kowane samfur ya samu abokin kwatance marar KIV, saboda akwai wasu enzayim da ke fasa asetil-CoA haka kawai. Kada a tsawaita lokaci, CoA da ya taru tare da zinki yana kashe Leu4. Sai a maimaita da lusin 0, 0.1, 1 da 10 mM, a pH ɗaya tak, tunda ƙarfin birkin yana canzawa da pH. Na asali zai faɗi warwas, marar birki zai riƙe yawancin ƙarfinsa har a 10 mM.

Bayan an saki Leu4, matsalar tana matsawa gaba da baya. Ta baya, zai wawashe KIV, balin ya ragu, haka ma fantotenet da ake yin CoA da shi, duk da cewa YNB yana da ɗan nasa. Ilv2 kuma yana da nasa birkin, Ilv6, wanda balin ke kamawa. Goge ILV6 ba dabara ba ce, domin shi ne ke ninka ƙarfin Ilv2 sau 7 zuwa 10. Sauyin wuri ɗaya irin G89D ya fi. Ta gaba, Leu1 yana da dunƙulen ƙarfe da sulfa a cikinsa, YNB kuma feric kulorayid maikirogiram 200 kacal yake da shi a lita. Idan Leu1 ya gaza, α-IPM zai taru har ya fita cikin ruwan raino, a can za a gan shi. Matakin ƙarshe kuma gulutamet yake ci, don haka idan amoniyam ya ƙare, KIC duk hanyar Ehrlich zai bi. Goge ARO10 yana rage zurarewar amma ba ya toshe ta, kuma ba za a goge ƙwayoyin gadon PDC duka uku, masu irin aikin ARO10, ba, yis ba zai girma a gulukos ba.

Shawarata, Malama, a ajiye filasmid ɗin 2µ. Yawan kwafinsa ya bambanta daga ƙwaya zuwa ƙwaya. A shigar da D578Y a mazaunin LEU4 na asali da CRISPR, dabarar gyara DNA a wurin da aka zaɓa. α-IPM zai hau, Leu3 ya kunna LEU1, LEU2, ILV2 da GDH1 da kansa, hanyar gaba ɗaya ta tashi tare.

Ɗaliba_a_lab

Madalla, na fahimta. Saura maganar GCN4, a bar shi ke nan?

Dattijon_Yis

A bar shi, 'yata, aƙalla a yanzu. Gcn4 amsar yunwa ce. Idan wani amino asid ya yi ƙaranci, tRNA marar kaya yana taruwa, ya kama Gcn2, shi kuma ya manna fosfet a serin na 51 na eIF2α. Fassarar yawancin mRNA sai ta ragu, amma ta GCN4 ta ƙaru, saboda gajerun firam huɗu, wato ƙananan sassan da raibosom (injin yin furotin) ke iya karantawa, da ke gaban saƙonsa: a ƙoshi raibosom yana maƙalewa a na huɗu ya sauka, a yunwa yana wuce shi ya isa GCN4. Wanda ya ɗora GCN4 a kan furomota mai ƙarfi ya bar waɗannan firam ɗin, mRNA kawai ya tara. Wanda ya cire su kuma ya kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado a lokaci guda, girma ya yi rauni, alhali kowane enzayim na farko da ya ƙaru yana nan da birkinsa. Furotin ɗin ma ba ya daɗewa, Pho85 da Pcl5 suna sa masa alama a rushe shi cikin mintuna.

Inda zai yi miki amfani shi ne a matsayin ma'auni. Idan yis marar birkin ya fara jan ƙafa wajen girma, a duba ko fosfet ɗin serin na 51 ya hau, ko a sa filasmid p180 mai GCN4-lacZ. Don kwatance, a ba wani samfurin 3-AT 10 mM, wanda ke tsayar da His3 ya jawo yunwar histidin. Idan alamar ta hau a naki ba tare da 3-AT ba, ƙwayar tana jin yunwar wani abu, kuma balin ne na farko da za a zarga. A zuba balin kaɗai a kwalba ɗaya, aisolusin kaɗai a wata, duka biyun a ta uku, kowanne 1 mM, a ga wadda girma ya dawo a cikinta. A tuna balin ɗin da aka zuba zai kama Ilv6 ya rage KIV, don haka awon lusin na wannan kwalbar daban za a rubuta shi, kada a gauraya da na sauran.